Tasi'u Ɗan Shimfiɗa da Damisar Malam Aji

A Gindin Fa aka haifi Malam Tasi'u, wani ƙauye mai gidaje kamar tamanin da ke maƙale a jikin duwatsu, tafiyar rabin awa a babur daga cikin garin Dutse. Mahaifinsa shi ne Sarkin Bakan ƙauyen, wato shugaban maharba, kuma har yanzu tsofaffi idan za su kira Tasi'u sai su ce Ɗan Sarkin Baka, duk da cewa shekarunsa sun haura sittin, gemunsa ya yi fari fat.

Ya tashi ya tarar da duwatsun bayan gidansu cike da rai. Da hantsi rema kan fito su jeru a kan fa suna shan rana, 'yan dabbobin nan masu kama da zomo amma ba jela. Jan biri na saukowa gona ya yi ɓarna, mata na jifan sa da hoge. Akwai beguwa, akwai dila, akwai kazar dutse, kuma kura na kuka a kusa har akan ɗaure awaki a cikin zaure. Mahaifinsa ya koya masa ɗura bindigar toka yana ɗan shekara goma sha biyu, ya koya masa sawu, ya kuma kafa masa dokoki: ba a harbi da damina, ba a taɓa mai ciki, ba a kashe abin da ba za a ci ba. Tasi'u ya riƙe su muddin tsohon na raye.

Bayan rasuwarsa abubuwa suka canza, ba a rana ɗaya ba. Gonaki suka hau har gindin duwatsu. Dutse ta zama babban birnin jiha, aka shiga gine-gine, masu fasa dutse suka zo da nakiya. Maharba suka yi yawa, nama ya yi kaɗan. Wata shekara Tasi'u ya yi sati uku yana fita, abin da ya samo bai wuce zomo biyu da damo ɗaya ba. Ya rataye bindigar a ɗaki, ya koma sana'ar shimfiɗa, wato masu baza kayan maganin gargajiya a kan buhu ranar kasuwa. Yana cin kasuwar Shuwarin, yana zuwa Jahun, wani lokaci har Garki. A kan shimfiɗarsa akwai saiwoyi da sassaƙe, amma abin da ke tara masa mutane shi ne ɗaya ɓangaren: ƙayar beguwa, fatar mesa, busasshiyar hawainiya, ƙahon gada, kan ungulu. Ba shi ke kashe su ba, yana saye ne a hannun wani dillali mai suna Lado. Da wannan yake kwantar da ransa. Da sana'ar ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ya yi wa ɗakin matarsa Kaltumi rufin kwano.

A shekarar 2014, lokacin da rikicin arewa maso gabas ya yi tsanani, baƙi suka fara shigowa Dutse da ɗan abin da suka iya ɗaukowa. Cikinsu akwai wani dogon dattijo, baƙi, siriri, mai suna Malam Aji, wanda ya samu aikin gadi a wani gida da ake ginawa a Yalwawa. Ciwon gwiwa ne ya kai shi shimfiɗar Tasi'u. Ya sayi sassaƙen da ya zo nema, amma bai tafi ba. Ya tsuguna ya ɗauki wani ɗan ƙaramin ƙaho, miƙaƙƙe kamar tsinke, ya juya shi a hannu.

"Malam, ka san ƙahon mene ne wannan?" Hausarsa na da nauyin harshen gabas.

"Gada ce," in ji Tasi'u.

"Gadar dutse ce. A kan tsinin kofato take tafiya, kamar mai sanɗa. Ka taɓa ganin ta da rai?"

Tasi'u ya ce bai taɓa ba. Dattijon ya ajiye ƙahon a hankali, ya ce shi ya yi shekara goma sha bakwai yana gadin su.

Daga nan abota ta ƙullu. Malam Aji ya fito ne daga wani ƙauye a kan manyan duwatsun da ke wajen iyakar Kamaru, irin waɗanda na Dutse a gabansu tamkar turaku ne. Ƙaramin ma'aikacin gandun daji ne, ba bindiga, ba babur, sai sanda da gorar ruwa. Aikinsa ya bi hanyoyin dabbobi ya cire tarkon waya, ya hana cinna wa daji wuta, ya yi ta rigima da mutanen garinsu. Ranar da masu tayar da ƙayar baya suka hau ƙauyen, ya gudu da matarsa da jikoki biyu. Babban ɗansa ya koma ɗauko shanu, ba a sake ganin sa ba. Wannan maganar sau ɗaya ya taɓa yi wa Tasi'u ita, a taƙaice, bai kuma ba.

Maganar dabbobi kuwa ba ya gajiya da ita. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tasi'u kan biya Yalwawa da ƙullin dabino ko fura daga wajen Kaltumi, su zauna a inuwar bulo har la'asar. Tasi'u ya ba shi labarin kurayen Gindin Fa na da, shi kuma ya ba shi labarin goggon biri da ke sauka garke guda, da gadar dutse, da mikiya. Ba ya taɓa yi wa Tasi'u faɗa a kan sana'arsa. Iyakarsa ya ce, "Kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa," sai ya kau da kai daga maganar.

Sai da suka yi kusan shekara biyu tare kafin ya yi masa zancen damisa. Ranar an yi ruwa da safe, aikin gini ya tsaya, ba kowa a wurin sai su biyu.

"Akwai wata a can," in ji Malam Aji. "Ko a wajen aikinmu ban taɓa faɗa ba, don takarda tana yawo hannu da hannu. Mace ce. Tana ƙarama ta faɗa tarko, ta fizge, ta bar yatsa ɗaya na hannun hagu. Don haka sawunta ba ya ɓace mini, uku ne a maimakon huɗu."

Ya ce sau biyu kawai ya taɓa ganin ta da ido, amma ya san lokacin da take da ciki, ya san shekarar da ta haifi biyu. Ta taɓa kama akuyar maƙwabcinsa, mutumin ya rantse sai ya sa mata guba. Malam Aji ya kwance tasa akuyar ya kai masa, ya ce a bar maganar. Matarsa ta yi wata guda ba ta yi masa magana mai daɗi ba.

Tasi'u, da jinin farauta a jikinsa, ya tambaya a ina take samun ruwa da rani. Dattijon ya ɗauki tsinke ya fara zane a kan yashin gini. Daga ƙauyensu a bi kwazazzabon da ke arewa, tafiyar rabin yini. Za a tarar da duwatsu uku a jingine kamar murhu. A bayansu akwai tsohon ɓaure, a ƙarƙashinsa ruwa na tsatsowa daga cikin dutse, ba ya ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Duk dabbar da ke wannan yankin nan take zuwa.

Da ya gama ya share zanen da tafin hannu.

"An ƙone gidana, an kwashe hatsina," ya ce. "Amma in na kwanta na tuna tana can tana shan ruwanta, kuma yanzu ba mai hawa ya dame ta, sai in ji kamar ba duka aka ƙwace ba."

Tasi'u ya riƙe maganar wata biyar. Ba wanda ya matsa masa, ba kuma wata bukata da ta taso masa a gida. Wannan shi ne abin da ya fi cin sa daga baya, don ya juya abin ta kowace fuska bai samu uzurin da zai ba kansa ba.

A Shuwarin ne, kasuwa ta fara watsewa, 'yan shimfiɗa sun taru a rumfar mai shayi. Lado dillali yana nan, mutum ne mai ƙiba da son raha, wanda ba ya rabo da carbi mai manyan 'ya'ya. Yana ba da labarin wani babban mutum da ya daɗe yana neman fatar damisa cikakkiya, da kai da farata, an kasa samo masa. Wani ya ce ai damisa ta ƙare a ƙasar nan. Lado ya dubi Tasi'u yana dariya.

"A tambayi Ɗan Sarkin Baka mana. Ko da yake shi ma ƙadangare kawai ya sani. Babansa ne maharbi."

Aka yi dariya. Tasi'u ya hasala. Ya ce shi kuwa ya san inda damisa take a yau ɗin nan, ya san inda take shan ruwa, ya ma san yawan yatsunta. Aka ƙara dariya, maganar ta wuce. Amma da ya je ɗaure kayansa a babur, sai ga Lado a bayansa, babu dariya a fuskarsa.

"Ɗan Sarkin Baka, wasa nake yi ɗazu, ka yi haƙuri. Maganar nan da gaske ce?"

A nan ne Tasi'u zai iya cewa cika baki ne kawai. Ya san haka a lokacin, ba daga baya ba. Ya kuma san cewa Lado na hulɗa da wasu maharba da ke shiga da fita yankin tun da aka fara samun sauƙi, da sunan taimakon tsaro, suna dawowa da kaya a buhu don ba sauran mai gadin daji a can. Duk da haka ya tsuguna, ya ɗauki tsinke, ya zana kwazazzabon, da duwatsu ukun, da ɓauren. Yana yi yana gaya wa kansa cewa wurin ya yi nisa, akwai haɗari, ba mai zuwa. Lado ya ɗauki hoton zanen da waya, ya cusa masa na goro a aljihu, shi kuma bai mayar ba.

Juma'ar da ta biyo ya je Yalwawa kamar kullum. Ya ci gaba da zuwa. Damina ta wuce, aka yi girbi, ba labari, har ya fara mantawa.

A ƙarshen rani Lado ya kira shi a waya ya ce ya biyo ta gidansa ya ga wani abu kafin a wuce da shi. A zaure ya tarar da shi, da rana tsaka, ya tura ƙyaure. Lado ya warware wani buhu a kan tabarma. Tasi'u bai taɓa ganin fata mai kyau irin wannan ba, ruwan ƙwai mai haske da baƙaƙen zobba, doguwa har ta zarce tabarmar, tana warin gishiri. Ya tsuguna kamar mai duba kaya. Hannunsa ya tafi kai tsaye ga hannun hagu na gaba. Ya ƙirga yatsun, ya sake ƙirgawa.

"Wannan ɗan aibin ne kawai," in ji Lado. "Amma ba zai rage mata daraja ba. Wallahi kwatancenka bai kauce ko taku ɗaya ba. Sun ce kamar kai ka raka su."

"Babu ramin harsashi," in ji Tasi'u.

"Wa zai ɓata irin wannan da harsashi? Akuya suka yanka, suka cusa mata maganin ƙwari, suka ajiye a bakin ruwan. Kwana biyu suka dawo suka ɗauka."

Tasi'u ya juya fatar ya dubi cikinta. Ɗan maharbi ne, ya san yadda nonon dabba mai shayarwa yake ko bayan an feɗe ta. Bai tambayi Lado komai a kai ba. Ya miƙe ya ce yana da uzuri, ya fita ya bar takalminsa ɗaya a juye a bakin zaure, sai da ya taka ƙasa mai zafi ya dawo ya saka.

Juma'a uku bai je Yalwawa ba. Ya ce wa Kaltumi babur ne ba lafiya. A ta huɗu Malam Aji ya hau ɗan sahu, ya ƙarasa da ƙafa duk da gwiwarsa, ya zo har Gindin Fa don ya duba ko lafiya. Kaltumi ta dama fura ta aiko da ita zaure. Dattijon ya sha, ya yi hamdala, ya dubi duwatsun da ke bayan gidan ya ce sun tuna masa gida.

"Yanzu haka ruwa ya janye ko'ina sai wajen ɓauren," ya ce. "In lissafina daidai ne, bana shekarar haihuwarta ce. Ka ga ta tsufa, wannan wataƙila shi ne na ƙarshe."

Tasi'u ya ce, "Allah ya raya," kuma ya ji muryarsa ta fito daidai, ba rawa. Wannan ma ya tsaya masa a rai, yadda ƙarya ta zo masa da sauƙi.

Ya koma zuwa Yalwawa, don rashin zuwan ya fi tona shi. Wata huɗu yana zama a inuwar bulo yana sauraron labarin dabbar da ya san fatarta na rataye a ɗakin wani. Tuwo ya daina shiga. Ya rame har wandonsa na zamewa. Ya sha duk sassaƙen da yake sayar wa mutane don ciwon ciki, bai ji komai ba. Wata safiya Kaltumi ta ajiye masa koko, ta zauna a kan turmi a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, shekara talatin da biyar muna tare. Ciwon nan ba na ciki ba ne. Me ka yi?"

Ya gaya mata duka. Ta saurara ba ta katse shi ba. Shi ya zaci za ta ce ai dabba ce, a bar ta a haka, kuma wani sashe na zuciyarsa yana fatan ta faɗi hakan.

"Ni ban san damisa ba," ta ce. "Amma na san mutumin nan ya sha furar gidan nan, ya ba ka amanar abin da bai ba kowa ba. Ka je ka gaya masa. In ka bari ya mutu bai sani ba, ba ka da wanda za ka roƙa."

Ranar Juma'a ya tafi hannu biyu, ba dabino ba fura. Gidan da Malam Aji ke gadi an kusa gama shi, ana shafe. Suka zauna a kan benci a bakin ƙofa. Tasi'u bai yi kwana-kwana ba, ya fara daga rumfar mai shayi ya kai har zauren Lado. Bai dubi fuskar dattijon ba, idonsa na kan wata tururuwa da ke jan ƙwayar gero.

Wata motar yashi ta wuce. Sannan Malam Aji ya yi tambaya, da murya irin ta mai tambayar hanya.

"Da bindiga ko da tarko?"

"Da guba. A cikin akuya."

"A bakin ruwan?"

"A bakin ruwan."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. "To ba ita kaɗai ba ce ke nan. Ungulu za su sauka kan ragowar. Akwai kuraye biyu da ke zuwa wurin, da diloli. In ruwan sama ya wanke gubar ta shiga ruwan, birai ma za su sha." Ya juyo ya dubi Tasi'u. "Tana shayarwa?"

Tasi'u ya so ya ce bai duba ba. Ya ce, "Tana shayarwa."

Malam Aji ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya shafa kansa. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce laifin farko nasa ne, shekara goma sha bakwai ya riƙe bakinsa a gaban 'yan'uwansa, ya zo ya sake shi a baƙon wuri don kewa ta dame shi. Tasi'u ya ce a'a, kada ya ɗauke masa ko kaɗan, ya san abin da yake yi sarai lokacin da ya tsuguna ya yi zanen. Ya roƙe shi gafara don Allah.

"Abin da yake nawa na yafe," in ji Malam Aji. "Na yafe har zuciyata, kada ka sake tunaninsa. Amma nata da na 'ya'yanta ba ni ke riƙe da shi ba, ba zan ce maka na yafe abin da ba nawa ba. Wannan tsakaninka da wanda ya halicce su."

Aka kira la'asar, suka je suka yi sallah a sahu ɗaya.

Abotar ba ta mutu ba, amma ba ta koma yadda take ba. Suna gaisawa, suna zancen tsadar hatsi da ciwon gwiwa. Malam Aji bai sake ambaton duwatsunsu a gabansa ba, ko sau ɗaya, kuma Tasi'u bai ga laifinsa ba.

A kasuwar da ta biyo baya Tasi'u ya baza shimfiɗarsa da saiwoyi da sassaƙe kaɗai. Sauran kayan ya haƙa rami a bayan gida ya binne. Masu zuwa neman kan ungulu suka tambaya, ya ce ya daina, suka matsa shimfiɗa ta gaba suka saya. Ciniki ya ragu da fiye da rabi. Lado ya tare shi ya tambaya ko wa'azi ya shiga, ya ce a'a. Lado ya ce to shi dai bai tilasta wa kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Tasi'u ya yi tunanin kai ƙara wajen hukuma, ya kwana biyu yana shawara, ya fasa, don ya san sunansa ne zai fara fitowa. Wannan ma yana cikin abubuwan da yake lissafa wa kansa.

Abu ɗaya ya nema a wajen Malam Aji, shi ne ya koya masa aikin da yake yi a da. Dattijon ya amince. Sau uku suka hau duwatsun Gindin Fa tare, a hankali saboda gwiwa. Ya nuna masa inda masu tarko ke son ɗaura waya, a matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu, da yadda ake gane ta daga karyewar ciyawa. Ya nuna masa yadda ake ƙirga rema da hantsi daga nesa ba tare da an firgita su ba. Ranar farko suka cire waya goma sha ɗaya, suka ƙirga rema tara a wurin da Tasi'u ya san a da ana ganin ɗari. Biri ko ɗaya ba su gani ba.

A 2019 Malam Aji ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari da ke gindin duwatsunsu, inda aka ce an samu zaman lafiya. Tasi'u ya raka shi tasha, Kaltumi ta ɗaura wa matarsa kuka da daddawa. Suna waya lokacin sallah. Dattijon bai taɓa hawa saman ba, ƙafa ba ta kai, kuma har yanzu ba a cika yarda da hanyar ba. A bara lambar ta daina shiga. Tasi'u ya tambayi wasu mutanen gabas da ke Yalwawa, ba wanda ya ba shi tabbas.

Tasi'u kuwa yana nan. Duk Alhamis, da ba ya cin kasuwa, yakan ɗauki sanda ya hau duwatsu bayan ya karya. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ke biyan sa. Ya je wajen mai unguwa ya roƙi a hana tarko a ɓangaren yamma, mai unguwa ya yi shela a masallaci sau ɗaya, wasu suka ji, wasu ba su ji ba. Ɓangaren gabas kuwa masu fasa dutse sun riga sun cinye shi, in suka tayar da nakiya har kwanukan Kaltumi na motsi a kan kanta. Rema sun kai ashirin da wani abu a ƙirgarsa ta bana. Bai san ko aikinsa ne ya sa ba, ko kuwa waɗanda nakiya ta koro daga gabas ne suka taru a nan.

Mutanen ƙauye sun san dalili, don ba ya ɓoyewa. Duk wanda ya tambaya yakan zaunar da shi ya ba shi labarin daga farko, da sunansa a ciki, ba ya cewa wani mutum ne. Wasu na ganin abin ya yi yawa a kan dabba. Wasu na cewa tsufa ne.

Kwanakin baya ya ci karo da Mujahid, wani magidanci maƙwabcinsa mai 'ya'ya huɗu, a tsugune yana ɗaura waya a hanyar rema. Tasi'u ya yi masa sallama, ya ce ya yi haƙuri ya kwance. Mujahid ya miƙe, ya cire hula don girmamawa, amma bai kwance ba.

"Baba, kada ka ji haushina. Kai da su Sarkin Baka kun ci naku, kun ci gada, kun ci beguwa, kun sayar da fata kun yi rufi. Mu muka zo ba mu tarar da komai ba sai ɗan wannan. Yarana wata biyu rabonsu da nama. Yanzu kuma kai ne za ka hana?"

Tasi'u ya tsaya yana dubansa.

"Gaskiyarka," ya ce. "Duk abin da ka faɗa haka yake."

Ya sunkuya da kyar, ya kwance wayar da kansa, ya naɗe ta, ya miƙa wa Mujahid kayansa. Suka sauko tare. Da yamma ya sa Kaltumi ta kama zabo ɗaya daga cikin nata aka kai gidan Mujahid, ta yi ta mita tana cewa zabinta ba su da yawan da za su ciyar da ƙauye. Alhamis ɗin da ta zagayo ya sake hawa, ya tarar da sabuwar waya a wata hanyar, ɗaurin wani hannu dabam. Ya cire ta ya sa a aljihu, ya ci gaba da hawa.